Kundin aiki: tantance dutsen sama da aka tsinta a fako

9 ga Janairu

Dutsen ya iso ɗakin aikinmu a Agege jiya da daddare, naɗe cikin tsumma. Mai shi wani Alhaji ne da ke sayar da raguna a Alaba Rago. Ɗan ƙaninsa ne ya tsince shi yana kiwo a wani fako a arewacin jihar Jigawa bayan an gama girbi, ya aiko masa da shi ta hannun direban motar dabbobi. Ba wanda ya ga faɗowarsa, ba wanda ya ji ƙara. Wannan ya shiga takarda tun yau, domin a wurin masu rajistar duwatsun sama kashi biyu ne: wanda aka shaida faɗowarsa, da tsintacce. Namu tsintacce ne.

Nauyi giram 1,846, an auna sau uku a sikeli mai lamba. Tsawo santimita 13, faɗi 10, kauri 8. Kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa lulluɓe yake da ɓawon ƙuna, wato fatar da ke samuwa idan saman dutse ya narke sa'ad da yake ratso iska. Kaurin ɓawon bai kai milimita ɗaya ba, ba ya sheƙi, kuma ya fara juyewa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa. Akwai 'yan tsage-tsage a kansa irin na busasshen taɓo a bakin tafki. A gefe ɗaya akwai wurare shida da suka lotsa, kamar inda aka danna babban yatsa a curin fura. Gefen da ya kwanta a ƙasa ya rine ja, da layi a fili inda ƙasa ta tsaya masa. Kada a wanke wannan jan, shi ne shaidar yadda dutsen ya zauna.

Abu biyu sun riga sun same shi kafin ya zo. An shafa masa man gyaɗa a gefe ɗaya don ya yi ƙyalli, an kuma yi ta liƙa masa mayen ƙarfe na tsohuwar sifika. Man ya shige ƙofofin dutsen, ba zai fita duka ba. Mayen ƙarfe mai ƙarfi kuwa yana goge tsohon maganaɗisun da ƙwayoyin ƙarfen ciki suka riƙe tun asali, kuma abin da ya gogu ba ya dawowa. Wanda ya tsinci irin wannan, in dole sai ya gwada, ya gwada a ɗan ɓarɓashi, ba a jikin uwar dutsen ba.

14 ga Janairu

Kafin a kashe ko kwabo, sai an kawar da duwatsun ƙasar nan masu kama da na sama. Marmara da tama su ne suka fi ruɗin mutane a Arewa, sai kashin maƙera da ke warwatse a tsofaffin kufai, sai baƙin dutsen aman wuta irin na Biu da Jos. Akwai kuma wanda ake kira gatarin aradu, shi kuwa gatari ne na mutanen dā da aka wasa da hannu. Mun goga dutsen a bayan farin tayil: ɗan dishi-dishin toka kawai ya bari. Tama kan bar jan layi ko baƙi ƙirin. Ba shi da ramukan kumfa ko ɗaya, alhali kashin maƙera cike yake da su.

A karyayyen gefe mun buɗe ɗan taga mai faɗin santimita ɗaya da samfefa, a bushe. Ƙarƙashin gilashin ƙara girma sai ga ɗige-ɗigen ƙarfe masu walƙiya warwatse, tsakaninsu kuma 'yan dunƙulallun ƙwayoyi kamar gero a cikin dambu. Su ake kira kondurul, kuma duk dutsen da ke ɗauke da su sunansa kondirait. Digo-digon narkakken dutse ne da suka daskare a sararin samaniya kimanin shekara biliyan 4.56 da suka wuce. Babu dutsen ƙasa da yake da su.

Gwajin nikel ya tabbatar, domin ƙarfen da ke cikin dutsen sama gauraye yake da nikel. Garin da samfefa ta kankaro, kimanin giram 0.2, mun zuba masa mililita biyu na ruwan asid na naitirik mai rauni, muka ɗan ɗumama, muka ƙara ɗan tsunkulen asid na sitirik, sannan amoniya digo-digo har takardar litmos ta koma shuɗiya. Da aka ɗiga dimetilgilayokzim, kashi ɗaya cikin ɗari a ruwan alkohol, sai ja mai ruwan hoda ya kwanta. In aka tsallake sitirik, ƙarfen zai fito da jan laka ya rufe launin. In kuma aka yi da asid na haidirokilorik shi kaɗai, ƙarfe zalla ma kan ba da ja, a zaci nikel ne. Shi ya sa muka yi wa ƙusa irin wannan gwaji a gefe, ba ta nuna komai ba. Duk sinadaran a kasuwar Ojota aka samo su. A yi aikin a bakin taga, da tabarau da safar hannu.

Alhaji ya leƙo da yamma. "Malam, an ce mini irin na Zagami ne." Ba shi ba ne, kuma gara a faɗa masa yanzu. Na Zagami ya faɗo a lardin Katsina ran 3 ga Oktoba 1962, nauyinsa kimanin kilo 18, kuma daga duniyar Mars ya fito. Dutsen aman wuta ne, ɓawonsa baƙi mai sheƙi kamar gilashi, ba shi da kondurul, ba shi da ɗige-ɗigen ƙarfe. Namu yana da duka biyun. Kondirait ne na gama-gari, irin da ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na duwatsun da ake ganin faɗowarsu. Aikin da ke gabanmu shi ne gano gidansa cikin gidaje uku: H mai ƙarfe da yawa, L mai ƙarfe kaɗan, ko LL wanda ya fi su ƙarancinsa.

23 ga Janairu

Auna nauyi bisa girma. Ba a tsoma irin wannan dutse a ruwa, domin yana sha, kuma ruwan da ya shiga shi zai kashe ƙarfen. Da ƙananan duwatsun gilashi ake yi, irin waɗanda masu feshin goge ƙarfe ke amfani da su. A cika mazubi da su, a bubbuga sau goma, a share baki da rula, a auna. A juye, a sa dutsen, a sake cikawa, a bubbuga sau goman nan dai, a share, a auna. Bambancin shi ke ba da girman dutsen.

Mun fara da masu laushi kamar gari, suka riƙa dunƙulewa saboda laimar Legas, awo biyar suka ba da lamba biyar da ba su san juna ba. Muka koma masu kauri, kusan milimita 0.7, muka gasa su a oben kafin aiki. Mun gwada hanyar da farin dutsen kwaz, wanda aka san nasa 2.65 ne, ya ba mu 2.63. Dutsenmu: santimita 563 na cika (kiyubik), wato giram 3.28 a kowace santimita ta cika, da kuskuren da bai wuce 0.05 ba. Sababbin faɗowa na H sukan ba da wajen 3.40, L 3.35, LL 3.21. Gidajen sun yi kusa da juna ainun, don haka wannan awo bai raba gardama ba. Ya dai nuna muna cikin iyali.

6 ga Fabrairu

An koma fakon tare da yaron da ya tsinta. Wannan tafiya ta fi duk gwajin da muka yi zuwa yanzu muhimmanci. Dubban duwatsun Sahara da suka bi ta kasuwannin Maroko lamba kawai suke da ita a bayan haruffan NWA, wato Arewa maso Yammacin Afirka, saboda ba a san inda aka ɗauke su ba. Dutsen da aka san wurinsa yana samun sunan gari ko tudu ko rafin da ya fi kusa.

Gurbin yana nan, ɗan rami mai zurfin yatsa biyu da ya yi daidai da jan layin jikin dutsen. An ajiye waya a kansa minti biyar har lambobin GPS suka daina rawa, kuskure mita 4, a tsarin taswira na WGS84. An ɗauki hoto ta fuska huɗu da rula a gefe, an ɗebo ƙasar gurbin giram 200. Mutum takwas suka jeru, mita uku tsakaninsu, suka taka fili mai mita 500 kowane gefe. Baƙaƙen duwatsu 31 aka tattaro, duk marmara.

19 ga Fabrairu

Mun aro na'urar SM30 mai auna yadda dutse ke amsa maganaɗisu. Filin da take fitarwa mai rauni ne, ba ya goge komai. An auna a wurare shida masu faɗi, aka gyara lambar bisa girman dutsen. Sakamako 4.69 a ma'aunin log. Matsakaicin sababbin faɗowa shi ne H 5.32, L 4.87, LL 4.10.

A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami. Lambar ta fi kusa da L, amma tsintaccen dutse ya sha damina, ƙarfensa ya fara zama tsatsa, kuma tsatsa ba ta amsa maganaɗisu kamar ƙarfe. Ma'aunin na log ne, saboda haka daga 4.87 zuwa 4.69 yana nufin kusan sulusin ƙarfen ya tafi. Daga 5.32 zuwa 4.69 kuwa yana nufin wajen kashi uku cikin huɗu ya tafi. Duka biyun suna yiwuwa a fako. Ko L ne da ya ɗan ci tsatsa, ko H ne da tsatsa ta cinye. Sai an ga cikinsa.

Yau aka yanka. Zarto mai bakin daimon, kaurin milimita 0.8, gudu a hankali, ana sanyaya shi da alkohol. Ba ruwan famfo, ba ruwan rijiya ko na burtsatse, domin duk suna ɗauke da kilorin ko gishiri. An zaɓi ƙarshen da ya riga ya karye, nesa da gefen da aka shafa wa mai, don ɓawon ya tsira. Yanki ya fita giram 41.3, uwar dutse ta rage 1,799.2, zarto ya ci 5.5. An tace garin an ajiye. An goge fuskar da samfefa lamba 220, 400, 600, 1200, a jere, ba tsallake.

21 ga Fabrairu

Tsatsa. Fuskar da ta kwana biyu tana walƙiya ta wayi gari da ɗige-ɗige ruwan goro kewaye da ƙwayoyin ƙarfe, wasu da ɗan digon ruwa mai ɗanƙo a kansu.

Dalili biyu ne. Alkohol ɗin da aka yi wankin ƙarshe da shi na kemis ne, mai kashi 70, wato kashi 30 ɗinsa ruwa ne. Sannan yankin ya kwana a faranti a buɗe, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ma'aunin laima ya nuna 84 da asuba. Wannan digon mai ɗanƙo gishirin ƙarfe ne mai kilorin. Yana jawo ruwa daga iska, ya ci ƙarfe, ya saki kilorin ɗin ya sake zagayowa, ba ya ƙarewa da kansa. Dutsen da ya daɗe a busasshiyar ƙasar Jigawa, iskar teku ta Legas za ta iya yi masa a wata shida abin da fako bai yi masa a shekaru ba.

Gyara: an sake gogewa daga lamba 600. An jiƙa yankin a alkohol na aisofurofil mai kashi 99, ana canza shi kowace awa 24 har sau uku. An gasa a oben a digiri 70 na awa 12, da janareto a kunne don kada zafin ya yanke. Yanzu yankin da uwar dutsen kowanne yana cikin robar abinci mai bakin roba da maƙulli huɗu, da silika jel mai shan laima, mai canza launi, giram 250, da ƙaramin ma'aunin laima da ake iya karantawa ta jikin robar. Burinmu lambar ta zauna ƙasa da 20. Idan jel ya juya launi, a gasa shi a digiri 120 na awa biyu, ya huce a rufe. Ba taɓawa da hannu tsirara, gumi gishiri ne. Ba auduga, ba jarida, ba ambulan, duk suna riƙe danshi.

12 ga Maris

An raba yankin: giram 23.4 samfurin ajiya, 6.1 don siririn yanka da ake dubawa a maikiroskof, sauran na nan. Ƙa'idar kwamitin sanya suna na ƙungiyar masana duwatsun sama ta Meteoritical Society ita ce a ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da suka amince da ita, inda masu bincike za su iya samunsa har abada.

Siririn yanka na farko ya dawo bai yi ba. Ana so kaurinsa ya zama maikiron 30 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), fuskarsa a goge a buɗe. Mai yin ya saba da duwatsun ƙasa, inda ake gane kauri da launin kwaz a maikiroskof. Kondirait ba shi da kwaz, sai ya tsaya da wuri, yankan ya fito da kauri. Ya kuma manna masa gilashin rufi, wanda ke hana duba shi da hasken da ke dawowa daga ƙarfe, ya kuma hana na'urar harba ilektiron, mai auna sinadaran dutse, taɓa shi. An mayar da umarni a rubuce: a cika ƙofofin da gam ɗin efoksi tukuna, a goge da mai ko alkohol, a auna kauri da maikiromita, a gama da man daimon na maikiron 6, 3, 1, kada a rufe.

2 ga Afrilu

Na biyu ya yi kyau. Kwana uku muka yi a kansa.

Kondurul suna ganuwa, amma gefensu ya fara narkewa cikin abin da ke kewaye da su. Akwai masu sandunan ma'adinin olibin a jere kamar haƙoran matsefi, akwai na ma'adinin fairoksin masu bazuwa daga wuri ɗaya kamar mafici, mafi yawa kuma masu ƙwayoyi barbaje. Mun auna 60, matsakaici milimita 0.6, ya fi na H girma, wanda yake wajen 0.3. Babu sauran gilashi a cikinsu, duk ya zama ƙwaya.

Wannan ya kai mu ga lambar dahuwa, wato ma'aunin zafin da dutsen ya sha, tsarin da Van Schmus da Wood suka kafa a 1967. Lamba 3 ɗanye ne, bai sha zafi ba a cikin uwar dutsen sararin samaniya da ya ɓalle daga gare ta. Aba Panu, wanda ya faɗo a jihar Oyo ran 19 ga Afrilu 2018, L3 ne, kondurul ɗinsa tsaf kamar an zana. Lamba 6 ya dahu har sun kusa ɓacewa. Abin da ke raba 5 da 6 a aikace shi ne girman ƙwayoyin ma'adinin filajiyokilas: ƙasa da maikiron 2 a lamba 4, tsakanin 2 da 50 a lamba 5, sama da 50 a lamba 6. Namu tsakanin 10 da 30 suke, mafi girma da muka samu 38. Lamba 5 ke nan. Mun daɗe a kan wannan da gangan, dalilin zai zo a ƙasa.

Bugu, wato ƙarfin karon da dutsen ya sha a sararin samaniya, bisa ma'aunin Stöffler da abokan aikinsa na 1991, daga S1 zuwa S6. Ana juya faifan maikiroskof a ga yadda ƙwayar olibin ke duhu. Wadda ba ta bugu ba takan yi duhu gaba ɗaya lokaci guda. Namu duhun yana rarrafe a cikinta kamar inuwar gajimare. Cikin ƙwayoyi 20, tara suna da miƙaƙƙun tsage a jere, alamar S3, biyu sun fara rarrabuwa gida-gida, alamar S4. Ƙa'ida ita ce a ɗauki matakin da aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ƙwayoyin suka nuna. Taran sun kai 45, biyun 10 kawai. S3. Akwai kuma siraran baƙaƙen jijiyoyi biyu na narkakken dutse da suka ratsa yankan. Ba abin mamaki ba ne a gidan L, domin uwar dutsensu ta can sararin samaniya ta tarwatse a wani gagarumin karo kimanin shekara miliyan 470 da suka wuce, har ana haƙo gutsattsarinta na wancan zamani a mahaƙar farar ƙasa a Suwidin.

Sai tambayar da ta rage tun Fabrairu. Da hasken da ke dawowa muka ƙirga ɗigo 1,000: ƙarfe 26, turoilait (ƙarfe haɗe da farar wuta) 41, tsatsa 23. Tsatsa tana cin wuri kusan ninki biyu na ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka 23 ɗin nan asalinsu ƙarfe wajen 12 ne. Jimillar ƙarfen asali kusan kashi 3.8 na cika, wanda ya tafi kusan sulusi. H yakan kai wajen kashi 8. Lissafin ya haɗu da na SM30 daidai. A ma'aunin Wlotzka na 1993, mai auna yawan tsatsa, asarar kashi 20 zuwa 60 ita ce W2.

20 ga Mayu

Ido ba ya yanke hukuncin gida, sai sinadarin olibin da fairoksin. An aika siririn yankan ɗakin gwaji a ƙasar waje, bayan an karɓi takardar izinin fitar da samfurin gwaji daga ma'aikatar ma'adanai. Takardar ta fi gwajin cin lokaci, a fara nemanta da wuri.

An shafa wa yankan siririn gawayi, aka harba masa ilektiron a kilobolt 15. Olibin: Fa 24.7, bambanci 0.4, ƙwaya 18. Fairoksin mai ƙarancin kalshiyam: Fs 20.9, Wo 1.5, ƙwaya 12. Fa ita ce kason ƙarfen da ya shiga jikin olibin, Fs wanda ya shiga fairoksin, Wo kuma kason kalshiyam ɗinsa. Gidan H yana tsakanin 16 da 20, L wajen 22 zuwa 26, LL daga 27 zuwa sama. Tsatsar W2 ba ta taɓa wannan lamba, shi ya sa ita ce alƙali. Yadda ƙwayoyin 18 suka zo kusan baki ɗaya ya ƙara nuna dutsen ya dahu, domin a lamba 3 lambobin warwatse suke fita.

L5, S3, W2.

Yanzu batun ko ɗan'uwan wani sanannen faɗowa ne. A Jigawa akwai Kilabo, wanda ya faɗo a yankin Haɗejiya ran 21 ga Yuli 2002, shi LL6 ne. Akwai Maigatari-Danduma na 2004, gidan H. Fa 24.7 ta fitar da su duka. Katagum na jihar Bauchi, 1999, gidan L ne, amma lamba 6. Dalilin da ya sa muka tsaya auna filajiyokilas ɗaya bayan ɗaya ke nan. Da mun rubuta 6 bisa kintace, da dole sai an nemi yankan Katagum an kwatanta kafin a karɓi namu a matsayin sabo.

11 ga Yuni

An cike fom ɗin miƙawa: wurin tsinta da lambobinsa, wata da shekara, nauyi, gutsure ɗaya, bayanin waje da na ciki, lambobin gwaji, inda samfurin ajiya zai zauna, da wanda ke riƙe da uwar dutse. An rubuta man gyaɗa da mayen ƙarfen a cikin tarihinsa. An ba da sunan ƙauyen da ya fi kusa bayan mun duba cewa babu wani dutse mai wannan suna a Meteoritical Bulletin, kundin rajistar duwatsun sama. Ba za mu kira shi da sunan a fili ba sai kwamitin ya amince. Abin da ya rage shi ne takardar shaida daga cibiyar da za ta karɓi giram 23.4 ɗin, in ba ita ba fom ɗin ba ya motsi.

Alhaji ya yarda uwar dutsen ta koma Arewa bayan damina, an rubuta masa yadda zai kula da robar. Kafin nan tana nan. Ruwa bai ɗauke ba tun shekaranjiya, ma'aunin ɗaki yana 91, na cikin roba ya hau daga 14 zuwa 19 a mako guda. Jel ɗin da ke kai wata ɗaya a Maris yanzu kwana goma yake yi. An ƙara shi zuwa giram 400, an naɗe bakin robar da salatif, an mayar da dubawa kowace Litinin da Alhamis. A fuskar yankan akwai ɗigo ɗaya kusa da baƙar jijiya ta hagu da muke sa wa ido. An ɗauki hotonsa da rula yau, faɗinsa milimita 0.4. Za a sake aunawa ran 25 ga wata.